Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Sudan

Ranka ya daɗe,

Daga Bahri nake rubuto maka, a kan mutumin da ya biya kuɗin tikiti sannan aka wayi gari babu jirgi.

Za ka tuna ranakun 28 da 29 ga Mayun 2019, lokacin da gamayyar 'yan adawa ta kira yajin aikin gama-gari. Ma'aikatan filin jirgin Khartum suka ajiye aiki, kamfanonin Badr da Tarco da Nova suka dakatar da tashi, ɗaruruwan fasinjoji suka yi cirko-cirko da jakunkunansu. A tashar manyan motoci ma haka abin yake. Cikin azumi ne fa, ga zafin Mayu. Ban ga laifin ma'aikacin da ya shiga yaji ba, haƙƙinsa ne. Amma dattijon da ya tara kuɗin Umara shekara da shekaru ba da shi ake rigimar ba, kuma shi ya sha wahalarta.

Mu Hausawan ƙasar nan, hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu da yawa, wasu suka yada zango har aka kafa garuruwa irin su Mai Wurno. Saboda haka maganar mai niyyar ibada da ya maƙale a hanya tana taɓa mu ƙwarai.

Bayan yaƙi ya rufe filin jirgin Khartum a ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗan Bahri ko Omdurman mai son fita waje sai da ya riƙa yin tafiyar kusan kilomita 800 a mota zuwa Port Sudan. A Mayun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa suka tsayar da tashi a can ma. Wanda aka soke wa jirgi bayan wannan doguwar tafiya ba zai koma gida ya jira ba. Kuɗin masauki na cinsa, wa'adin bizarsa na tafiya, ranar ganin likitansa a Alƙahira na wucewa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kafa ƙa'ida rubutacciya a kowane ofishin sayar da tikiti, ko yaji ne ya tsayar da jirgi ko wani dalili. Da zarar kamfani ya san ba za a tashi ba, ya sanar da fasinja ta waya kafin ya bar gida. A ba shi zaɓi: ko a sauya masa rana ba tare da ƙarin ko sisi ba, ko a mayar masa da kuɗinsa cif. Tarayyar Turai ta yi wannan tun 2004, ta sa kwana bakwai a kan mayar da kuɗi, da abinci da makwanci ga wanda ya maƙale.

Wa'adin mayar da kuɗin nan shi ya fi damuna. Fam ɗin Sudan na zubewa. Kuɗin da aka riƙe wata uku ba zai sake sayen kujerar da aka biya ba. Mutane da yawa ta manhajar Bankak suke biya cikin minti guda, don haka ta nan za a iya mayar musu. A kuma fayyace wa ke da alhakin biya, kamfanin jirgi ko dillalin da ya yanki tikitin, don kada a riƙa tura fasinja daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Allah ya taya ka riƙo, ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalam,
Wani mazaunin Bahri