Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Sarakunan Jihar Zamfara: A Rubuta Tsoffin Gine-ginenmu Kafin Siminti Ya Haɗiye Su



Ranku ya daɗe, roƙona guda ɗaya ne: kada a sake rushe tsohon masallaci, zaure, ƙofar gari ko ragowar ganuwa, ko a lulluɓe su da siminti, sai da izinin fada a rubuce. Zamfara ta riga ta san zafin rasa birni. Tun da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, sarautar ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a Anka. Abin da yaƙi ya rage mana, yau kyakkyawar niyya ke ƙarasa shi, domin mai hali yakan rushe masallacin tubali da azara ya kafa na bulo da kwano, yana neman lada, ba wanda ya ce masa ya dakata.

Kano ta ishe mu darasi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, ta shiga jerin kayan tarihin ƙasa tun 1959. Duk da haka an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, an yanka badala filaye, shaguna da gidaje sun hau kanta. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta hana taɓa ginin da aka ayyana ba tare da izini ba, amma doka ba ta kwana a unguwa. Mai unguwa da dagaci ne ke ganin ranar da aka sauke yashi. In ginin da ke cikin kundin gwamnati ya sha wannan, ina ga namu na Gummi da Bukkuyum da ba a rubuta ba?

Za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da lokacin katangar ƙasa. Gaskiya ne rai ya fi gini, sai dai abin da nake nema ba ya cin kuɗin tsaro. Littafi ne a kowace masarauta, mai ɗauke da sunan gini, hotonsa, awonsa da tarihinsa daga bakin dattawa. Bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, an bi Tungar Guru, Yargalma, Dareta da Bagega gida-gida ana auna ƙasa, ana kwashe gurɓatacciya. Yankin da aka yi wannan aiki a cikinsa ba zai kasa ƙirga masallatai da zaurukansa ba. Kuma garuruwan da mutane suka gudu suka bari su ne suka fi bukatar a rubuta su, tun masu sanin tarihinsu na raye.

Za a kuma ce ginin ƙasa faɗuwa yake yi, a kawo misalin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023. Wannan rashi yana koyar da duba gini a kan lokaci ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe da makuba, da gyaran indararo kafin damina. Siminti a kan tubali kuwa yana kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe alhali fuskarsa na sheƙi. Hasumiyar Agadas ta ƙasa ce, tsayinta mita 27, an fara gina ta a ƙarni na 16, tana kuma tsaye saboda ana sabunta yaɓenta, har UNESCO ta sa birnin cikin gadon duniya a 2013.

Saboda haka ina roƙon Majalisa ta umarci hakimai su buɗe wannan littafi, ta sa Sarkin Magina cikin duk shawarar gyara, ta kuma nemi gwamnatin jiha ta mayar da izinin doka. Mai son gina sabon masallaci a ba shi fili kusa da tsohon, ladansa ba zai ragu ba. Ranku ya daɗe, ku fara da fadojinku, talakawa za su bi.

Wassalam.