Idan Jirgin Sama Ya Shiga Gargada

Babu abin da ke tsinka zuciyar matafiyi kamar sa'ad da jirgin sama ke tafiya sumul, sai kwatsam ya soma rawa, ya yi sama ya yi ƙasa kamar mota a kan hanyar burji wadda damina ta zaizaye. Nan take za a ji hira ta ɗauke, salati ya tashi daga kowane lungu, wani ya rirriƙe hannun kujera, wani ya runtse ido yana jiran abin da zai biyo baya. Wannan ita ce gargadar iska, kuma duk mai bin hanyar Ikko zuwa Kano ko Abuja tsakanin watan Afrilu da na Oktoba da wuya ya rasa gamuwa da ita. Tun da yake rashin sani ya fi dare duhu, ya kamata mai karatu ya san abin da ke haddasa ta, ya kuma san inda hatsarinta yake na haƙiƙa.

Iskar da jirgi ke ratsawa tamkar ruwan kogi take, wani wuri a kwance, wani wuri da igiya. A ƙasashenmu hadarin damina ne babban mai tayar da ita, domin a cikin gajimaren nan baƙi mai tsawo kamar tsauni iska takan haura da ƙarfi a wani gefe, ta sauko da ƙarfi a wani. Zafin rana ma yakan sa iska ta taso daga ƙasa, shi ya sa jirgin da ke sauka Kano ko Maiduguri da tsakar rana a bazara kan yi 'yar girgiza. Duwatsu masu tsawo su ma sukan karya iska. Sa'an nan akwai wata iska mai gudu can sama da ƙafa 30,000, wadda saurinta kan wuce mil 100 a sa'a guda, kuma a gefenta ake gamuwa da gargada alhali sama garau take. Wannan ta ƙarshe ita ce mai shammata, gama na'urar da matuƙi ke hangen hadari da ita ɗigon ruwa take gani, ba ta ganin iska tsura.

Shi jirgin kansa an ƙera shi da sanin zai sha wannan jijjiga. Doka ta tilasta wa maƙera su gwada fiffike da nauyin da ya kai ninki ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake tsammanin zai gamu da shi a duk rayuwarsa. A shekarar 1995 ma har sai da aka lanƙwasa fiffiken Boeing 777 ya wuce wannan ƙa'ida kafin ya karye, a 2010 kuwa aka lanƙwasa na Boeing 787 sama kimanin ƙafa 25 bai karye ba. Saboda haka wanda ya leƙa taga ya ga fiffike yana lilo, ya sani aikinsa yake yi. Reshen da ke lanƙwasa ya fi busasshe jure guguwa.

Gaskiya ne iska ta taɓa wargaza jirgi. A ran 5 ga Maris, 1966, wani Boeing 707 na kamfanin BOAC ya tarwatse kusa da Dutsen Fuji a Japan, mutum 124 suka halaka. Amma irin wannan hatsari ne ya koya wa masu harkar jirage darasi. A yau matuƙi yakan karɓi bayanin yanayi kafin ya tashi, yakan ji labarin hanya daga jiragen da suka riga shi, kuma an hore shi ya ba babban hadari ratar kimanin mil 20. In ya shiga gargada sai ya rage gudu, ko ya nemi izinin hawa ko sauka zuwa inda iska ta fi kwanciya. Don haka idan fasinja ya ji ƙarar inji ta ragu a tsakiyar girgiza, dabara ce ta matuƙi.

To, ina hatsarin yake? Amsar tana cikin abin da ya sami jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan zuwa Singafo ɗauke da fasinja 211 da ma'aikata 18. A ran 21 ga Mayu, 2024, yana bisa ƙasar Bama a tsayin ƙafa 37,000, ana cikin raba karin kumallo, ya faɗa gargada mai tsanani. Masu bincike sun gano cewa cikin abin da bai kai sakan 5 ba jirgin ya yi ƙasa da ƙafa 178 kacal. Amma waɗanda ba su ɗaure bel ba sun tashi sama, kawunansu suka bugi rufi, sa'an nan suka faɗo. Wani dattijo Baturen Ingila mai shekara 73 ya rasu, ana kyautata zaton ciwon zuciya ne, mutum fiye da 100 suka ji rauni, wasunsu a ƙashin baya. Jirgin kuwa lafiya lau ya sauka a Bankok.

Ƙididdigar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Amurka ta ƙara tabbatar da haka. Tsakanin 2009 da 2022 mutum 163 ne gargada ta yi wa mummunan rauni a jiragen ƙasar, kuma 129 daga cikinsu ma'aikatan jirgi ne, watau mutanen da aiki ya sa suke tsaye. Ashe ke nan tsayuwa da sakin bel su ne ƙofar rauni.

Saboda haka wajibi ne matafiyi ya bar bel a ɗaure muddin yana zaune, ko fitilar gargaɗi tana kunne ko a kashe, domin fitilar ba ta riga gargadar da matuƙi bai hango ba. A ɗaure shi ƙasa a kan ƙugu, ya kama jiki sosai. Mai son barci ya ɗaure shi a bisa bargo, don kada ma'aikata su tashe shi. Uwa ta duba na 'ya'yanta, mai goyo kuma ta bi abin da ma'aikata suka nuna mata game da jariri, gama hannu kaɗai ba ya iya riƙe yaro in jirgi ya yi ƙasa farat ɗaya. Kaya masu nauyi a tura su ƙarƙashin kujera, akwatin bisa kai a rufe shi ruf. Shayi mai zafi a ajiye shi sai iska ta lafa; saboda gudun ƙuna ne ma kamfanin Korean Air ya daina raba taliya mai romo a ɓangaren gama-garin fasinja a 2024. Wanda gargada ta riska a hanyar tsakiya ya zauna a kujerar da ta fi kusa, in babu ya tsuguna ya riƙe wani abu ƙaƙƙarfa. Wanda ta riska a makewayi ya zauna ya kama mariƙin bango.

Maniyyata aikin Hajji da Umra suna da nasu kaso a wannan gargaɗi. Sau da yawa akan ga dogon layi a bakin makewayi, wannan zai yi alwala, wancan zai sa harami kafin a kai miƙati, yawancinsu kuma dattawa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda jirginsa zai sauka Jidda gara ya yi wanka ya ɗaura haraminsa tun a ƙasa, in an zo daidai miƙati ya yi niyya yana zaune a ɗaure.

Game da kwanciyar hankali kuwa, mai yawan tsoro ya nemi kujera daidai fiffike, domin wutsiyar jirgi ta fi ko'ina jijjiga, ya kuma zaɓi jirgin safe kafin rana ta dama iska. In girgiza ta soma, ya jingina baya, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, yana addu'arsa cikin natsuwa. Kururuwa ba ta rage iska, illa dai ta firgita yara da tsofaffi. Idan kuma aka ji matuƙi ya umarci ma'aikata su zauna, lafiyarsu yake karewa kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun bayyana a 2023 cewa gargada mai tsanani irin ta sama garau ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a bisa arewacin Tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020, suka danganta haka da ɗumamar yanayi. Matafiyi ba shi da iko a kan iska, tuƙi kuma yana hannun waɗanda suka san aikinsu. Nasa rabon aikin ɗaure bel ne, abin da bai fi sakan 2 ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi gida lafiya.