Sarƙar zarton inji: araha ba ta ado

Duk damana, iskar hadari kan kayar da itatuwan dogon yaro a unguwannin Yamai, sai masu zarton inji su nufi kasuwar Katako neman sabuwar sarƙa. Nan ne kuskure kan fara.

Ba a sayen sarƙa da ido. Mai hankali kan tafi da tsohuwar, a gwada tsawonsu, kaurinsu da tazarar haƙoransu. Wajen ɗaurawa, sai an kashe inji, haƙoran sama su fuskanci gaba. A tamke ta har ta daina lilo a ƙarƙashin ƙarfen da take zagayawa, amma hannu na iya jan ta. Sabuwa kan saki bayan ɗan aiki, sai a ƙara tamkewa.

Babban abokin gabanta yashi ne: taɓa ƙasa sau ɗaya kan dakushe ta. In tana zubar da gari maimakon sassaƙe, lokacin magagari ya yi. Kada a shayar da ita baƙin man mota.

Kada kuma a yi yanka da tsinin ƙarfen, domin nan inji ke zabura ya komo wa mai shi. Katako akwai sarƙa, amma ba a sayar da hannu.