Ba amarci ne ya ceci Kyoto ba

Duk watan Agusta sai labarin nan ya sake yawo a TikTok da Facebook: wai birnin Kyoto na Japan ya tsira daga bam ɗin nukiliya ne saboda ministan yaƙin Amurka, Henry Stimson, can ya ci amarcinsa. Fim ɗin Oppenheimer na 2023 ma ya ƙara wa zancen gishiri. Yana da daɗin turawa a guruf, amma masana tarihi ba su samu shaidar wannan amarci ba. Abin da ya tabbata shi ne Stimson ya taɓa ziyartar Kyoto a shekarun 1920, kuma shi ya kafe sai da aka cire birnin daga jerin waɗanda za a kai wa hari.

To ta yaya aka haɗa jerin tun farko? A watan Mayun 1945 wani kwamitin sojoji da masana kimiyya ya zauna a Los Alamos. Suna neman babban gari mai amfani ga yaƙi, wanda kuma jirage ba su riga sun ragargaza ba, don a iya auna ɓarnar sabon bam ɗin sosai. Tokyo ba ta dace ba, domin a watan Maris an ƙona ta, mutum kusan 100,000 suka mutu a dare guda. Sai aka ware Kyoto da Hiroshima da Yokohama da Kokura da Niigata. Daga baya aka ba da umarnin kada a taɓa wasu daga cikinsu da bama-baman yau da kullum.

Ku tsaya a nan. Mutanen Hiroshima suna ta mamakin yadda jirage ke wuce su, ana ta raɗe-raɗin dalili, ashe kiwon ragon layya ake yi musu.

Janar Leslie Groves, shugaban aikin bam ɗin, Kyoto ya fi so. Tsohuwar fadar sarakunan Japan ce sama da shekara 1,000, kuma kwamitin ya rubuta cewa mutanenta masu ilimi ne, za su fi gane girman makamin. Kai jama'a! Iliminsu ma ya zama dalilin a halaka su. Stimson kuwa, ban da darajar tarihin garin, ya kawo wa Shugaba Truman hujjar siyasa a Potsdam: rusa Kyoto zai bar ɗacin da zai iya tura Japanawa hannun Tarayyar Sobiyet bayan yaƙi. A ganina wannan lissafin ne ya fi nauyi, ba tausayi ba.

Da Kyoto ta fita, Nagasaki ta shiga. Ko ita ma ba ita aka nufa ba ranar 9 ga Agusta, kwana uku bayan Hiroshima. Kokura jirgin ya dosa, ya zagaya sau uku, hayaƙi da gajimare sun rufe garin, mai kuma na ƙarewa, sai ya karkata zuwa Nagasaki. Bam ɗin ya fashe a saman unguwar Urakami, kusa da babban cocin Katolika, kuma kafin shekarar ta ƙare mutum kimanin 70,000 sun mutu. Har yau a Japan, in mutum ya kuɓuta daga bala'in da bai san yana tafe ba, ana cewa ya yi sa'ar Kokura.