Sharhi: Ganyen Magani da Lafiyar Mata a Ƙasar Gumel

A ƙasashen Turai masu sanyi akwai wani ɗan tsiro mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da ake kira rasberi, wanda ungozomomin can suka daɗe suna busar da ganyensa suna dafa wa mata kamar shayi, bisa imanin cewa yana sauƙaƙa naƙuda, yana rage ciwon mara, yana kuma tsayar da zawo. Tsiron ba ya fitowa a rairayin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, amma buƙatar da ta sa matan Turai shan ganyensa ita ce ke sa matan masarautar Gumel neman sabara da bagaruwa da darbejiya, don haka abin da bincike ya gano a kansa darasi ne ga mutanen arewacin Jigawa.

A shekarar 2014 Hukumar Kula da Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ganyen rasberi a matsayin maganin gargajiya na ƙananan larurori uku, wato ciwon mara lokacin al'ada, da kumburin baki ko maƙogwaro, da zawo mara tsanani, amma ba ta ba masu juna biyu shawarar shan sa ba, saboda ba a sami isasshiyar hujjar cewa ba ya cutar da uwa ko abin da ke cikinta ba. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga sakamakonsa a 2001, bai nuna cewa ganyen yana gajarta naƙuda ta yadda za a dogara da shi ba. Ke nan an tabbatar wa maganin abin da dogon amfani ya nuna, an kuma shata masa iyaka a inda haɗari ya fi girma.

Yawancin amfanin wannan ganye yana fitowa ne daga wani sinadari mai bauri da masana ke kira tanin, wanda ke tsuke fata da naman jiki, kuma shi ne dai ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke dakawa su jeme fata da su. Saboda wannan bauri ne tsofaffi ke jiƙa bagaruwa don kurkurar baki idan dasashi na zubar da jini, kamar yadda suke dafa ganyen sabara, wadda ke cika gonaki bayan girbi da ganyenta mai launin toka, su bai wa mai zawo ko atini ko mai jego. Sanin da ke bayan wannan aiki ya samu ne daga lura ta shekaru aru-aru, kuma bai kamata mai ilimin zamani ya raina shi ba.

Matsalar tana wajen awo da lokaci. A ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta cika da fatake daga Nijar da sassan Najeriya, mai magani yakan shimfiɗa buhu ya jera saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙullen gari, ya ce wa mai saye ya ɗebi “ɗan kaɗan” ya jiƙa, alhali ƙarfin ganye yana bambanta gwargwadon ƙasar da ya fito da lokacin da aka tsinke shi da yadda aka shanya shi. Ga babban mutum mai ƙaramin ciwo wannan saɓani ba lallai ya yi illa ba, amma ga mai ciki, musamman idan abin da aka ba ta maganin saurin naƙuda ne, ƙarfin da ya wuce kima yana iya matse mahaifa fiye da yadda za ta jure, har ta yage ko jariri ya galabaita. Haka kuma dogaro da jiƙe-jiƙe yakan sa a bar mace a ɗaki kwana biyu tana fama da doguwar naƙuda, abin da ke jawo yoyon fitsari, larurar da ake yi wa mata aikinta a asibitin Jahun.

Bayan haihuwa ma akwai abin lura. Wankan jego, inda ake tsoma reshen darbejiya ko tsamiya a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa jiki safe da yamma har kwana 40, yana tafiya ne da shan kunun kanwa, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa, wadda ke tara gishiri da ruwa a jiki, tare da tsananin zafi, yana da alaƙa da gazawar zuciya ga masu jego. Alamominta su ne kumburin ƙafafu da haki da tari idan an kwanta, kuma duk mai jegon da ta ga haka asibiti ya kamata a kai ta ba tare da jinkiri ba.

Nauyi yana kan kowa. Jami'o'in jihar, irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya dace su binciki sabara da bagaruwa su fitar da awon da ba ya cutarwa, hukumar NAFDAC ta sa ido kan haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwanni, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa tambayar mata abin da suke sha a gida cikin mutunci, ba da tsawa ba. Ga magidanta da surukai da ungozomomi, kira shi ne kada a bai wa mai ciki wani jiƙo sai an shawarci ma'aikacin lafiya, a bar ta ta je awo, a kuma kai ta asibiti da zarar naƙuda ta fara, domin rigakafi ya fi magani.