Idan Mota Ta Yi Kaɗan, Babba Ne Zai Matsa

Ranar da na je Zariya ɗauko maiɗakina bayan ta gama wankan jego, motarmu cike take maƙil. Ƙaramar Toyota Yaris ce ƙirar 2008, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano. But ɗinta ba ya cin fiye da akwati biyu, don haka gara da garin kunu da bahon wanka da kayan barka duk a kujerar baya aka jibge su. Ita kuma ta shiga gidan gaba da jaririya a cinya, an naɗe ta cikin shawul. Cikin masu rakiya babu wanda ya ga aibun hakan, ni ma ban gani ba. Haka muka taso muna gani a kowace mota.

Mun wuce Jaji kaɗan sai wani mai babur ya faɗo titi ba tare da ya duba ba. Na taka birki da ƙarfi. Ban taɓa shi ba, motar ma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma da na juyo, yarinyar ba ta hannun uwarta. Ta suɓuce, gwiwoyin uwar ne suka tare ta dab da dashbod. Na gangara gefen titi muka tsaya, jikinta yana ɓari, tana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi Malam na riƙe ta da kyau." Na kuwa yarda ta riƙe ta da kyau. Hannun uwa ne ba a yi shi don wannan aikin ba.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, kusan bene mai hawa uku. Duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. A wannan ƙiftawar ido nauyin jariri kan ninku sau ashirin ko talatin, ɗan kilo biyar ya kai buhun masara ko ya fi. Babu macen da za ta riƙe buhun masara yana fizgewa, ba kuma namiji. Ga jakar iskar da ke cikin dashbod, wadda makanikai ke kira iyabag. An yi ta ne don ƙirjin babba, kuma da ƙarfin da take fashewa ita kaɗai ta isa ta kashe jariri.

A satin na fara neman kujerar yara, na kuma ci karo da maganar da na fara ɗauka ƙaƙale ce irin ta Turawa, wai sai jariri ya ba hanya baya, yana kallon bayan mota. Da na fahimci dalilin sai na daina gardama. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin jikinsa, alhali na babba bai wuce kashi shida cikin ɗari ba. Ƙasusuwan wuyansa kuwa guringuntsi ne, ba su gama ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, bel zai riƙe kafaɗunsa, wannan ƙaton kan kuma ya yi gaba shi kaɗai, wuya ya ɗauki dukkan nauyin. Idan yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar, ita ce ke shanye dukan. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya kawo wannan dabara bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannatin Amurka ke kwanciya rigingine lokacin da ake harba kumbo, domin bayansu ya ɗauki ƙarfin tashin. A 1964 ya fito da samfurin farko tare da kamfanin Volvo. Har gobe a Suwidin yara kan zauna suna kallon baya sai sun kai wajen shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda yara ba su cika mutuwa a mota ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce aƙalla wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 ta ce a bar yaro a haka har sai ya fi ƙarfin nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikin kujerar.

Sayen kujerar bai ba ni wahala ba kamar girka ta. Kujerar jariri a kishingiɗe take zama, tana cin wuri daga baya zuwa gaba, wurin da ƙaramar mota ba ta da shi. Na fara gwada bayan direba. Ni dogo ne, kuma kafin ta shiga sai da na turo kujerata gaba har gwiwata tana gogar sitiyari. Direban da ba zai iya taka birki a sake ba haɗari ne ga kowa, na cire ta. Na gwada tsakiya, wurin da ya fi nisa daga ƙofofi idan an daki mota ta gefe. A tawa motar tsakiyar tudu ce siririya, ko ta yaya na ɗaure sai kujerar ta riƙa rawa. Bayan fasinja ya rage. Can ta zauna daram, bayan na tura kujerar gaba kusan ƙarshe na kuma miƙar da majinginarta. Miƙar da majinginar nan kaɗai ya ba ni tazarar yatsu uku ko huɗu, kuma su nake nema. Wani amfanin da ban yi tunaninsa ba sai daga baya: tun 1972 a dama muke tuƙi a Najeriya, don haka wannan ƙofar ita ce ke gefen titi, ba a fito da yarinya ta inda motoci ke wucewa.

Da nake laluben tsakanin mazauni da majinginar baya, hannuna ya taɓa wasu ƙarafa biyu masu kama da ƙugiya. Shekara uku ina tuƙa motar ban san da su ba. Su ake kira ISOFIX, Amurkawa kuma suna kiran nasu LATCH, tazararsu ɗaya ce, santimita 28. An fara sa su a motar Golf a 1997, kuma yawancin motocin da suka biyo baya daga Turai da Amurka suna da su a kujerun gefe na baya. Idan kujerar yaron tana da maƙalinsu, tura ta kawai za ka yi ka ji ƙas. Wanda motarsa ba ta da su, bel ɗin mota ya wadatar, in dai ya bi ta ramukan da aka nuna a jikin kujerar, ya danna ta da nauyinsa, ya ja bel ɗin ya tsuke. A nan akwai tarko ga mu masu haɗa kayan Beljiyam. Kujerun Amurka da yawa sun dogara ne da bel mai kullewa idan an zaro shi har ƙarshe, motocin Turai da dama kuma bel ɗinsu ba ya yin haka sai an fizge shi. Wanda ya haɗa irin waɗannan biyun yana buƙatar ɗan ƙarfen matse bel, ko kujera mai nata makulli. Gwajin ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi: ka kama kujerar daidai inda aka ɗaure ta ka jijjiga. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta ɗauru ba.

Inda na ga mutane sun fi yin kuskure shi ne wajen neman wuri. Kujera ta ƙi shiga, sai a miƙar da ita tsaye. Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe kansa, in ya zauna a miƙe haɓarsa za ta faɗa kan ƙirji ta toshe masa numfashi, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Kishingiɗar da ake so wajen digiri 45 ce, akasarin kujeru ma suna da layi ko ɗan ma'auni a gefe. Wasu kuma sai su juya ta gaba tun yaro yana wata shida, su ce ai motar ce ta yi kaɗan.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ne motar ta yi kaɗan, kuma dole wani ya takura. Amma duk lokacin da aka ce babu wuri, in ka duba da kyau za ka ga wurin ƙafar babba ake nufi. A wurinmu gidan gaba girma ne, na uwargida ne, ko na baƙo mai daraja, kuma akwai nauyi a ce wa babba ya koma baya. Na san wannan nauyin, na ji shi. Sai dai abin da babba zai rasa shi ne miƙe ƙafa na awa ɗaya tsakanin Kaduna da Zariya, shi kuwa yaro lakarsa ake magana. A gidanmu maiɗakina ce ta koma bayan direba, kusa da 'yarta, tana ganin fuskarta, tana gyara mata kai in ta yi barci. Gidan gaba ya zama na jaka.

Ranar da mahaifiyata ta fara ganin abin, ranta bai so ba. Ta leƙa ta ce, "Kai yanzu kishiyar tawa ka ɗaure haka kamar kayan fatake? Mu da muka goya ku a bayan akori-kura, me ya same ku?" Na ce, "Hajiya, Allah ne Ya tsare." Ta ce ai yanzu ma Shi ne mai tsarewa. Ban ja da ita ba, don gaskiya ta faɗa. Na dai tuna mata cewa ko goyon da take magana sai da ta sa majanyi ta tamke, ba ta taɓa ɗora mu a baya ta saki ba. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne da riƙo da sababi. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ƙafafun yarinyar ba za su lanƙwashe ba in ta girma. Tambaya ce mai kyau, kowa ita yake yi. Yara suna tanƙwashe ƙafa su zauna a tabarma yini guda ba su damu ba, kuma ƙafa in ta karye ana ɗori.

Abu biyu ne yanayinmu ya ƙara mana. Da hunturu muna naɗe jarirai cikin rigar sanyi mai kauri da shawul biyu. In aka ɗaura bel a kan wannan tulin, a ido ya tsuke, amma a karo kayan za su lotse yaro ya zame. A sa shi da kaya marasa kauri, a ɗaure har sai an kasa tsunkuno bel ɗin da yatsu biyu a kafaɗa, sannan a lulluɓa shawul ta sama. Ramin da bel ɗin ke fitowa kuma ya zama daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Da bazara kuwa ƙarfen maɗaurin yana zafin da zai ƙona fatar jariri. Tsohon zane nake yafa wa kujerar duk inda na faka, ina kuma taɓawa da hannu kafin a sa ta. Barin yaro a mota a rufe, ko na minti biyar ne, bai kamata ma a kawo shi a zuciya ba.

Na san kuɗi ne ke tura yawancinmu wajen 'yan gwanjo, ni ma can na fara zuwa. Wanda zai saya a can ya kifa kujerar ya duba ƙasanta. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira, da rubutun R44/04 ko R129. Akwai ranar ƙira, kuma masu ƙerawa kan ba su shekara shida zuwa goma, don roba tana tsufa, balle a ranarmu. In akwai tsagewa, ko bel ya tsattsage, ko wani ɓangare ya ɓace, a bar ta. Abin da ido ba ya gani shi ne ko ta taɓa shiga haɗari a inda ta fito, shi ya sa ta ɗan'uwa da ka san tarihinta ta fi. Kuma a je da motar, a gwada kafin a biya. Da na yi haka da ban fara sayen wata kujera da ta ƙi shiga motata ba, wadda ta ƙare a kyauta ga wani aboki mai babbar mota.

Ban manta ba cewa masu motar kansu tsiraru ne, mafi yawan jariranmu a adaidaita sahu da babur da motar haya suke tafiya, kuma wannan babbar magana ce ta daban. Amma mai mota yana da zaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta matsa a kan ɗaura bel tun 2003 har direbobi suka saba, tana kuma cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya. Ina roƙonta ta ƙara da koyarwa a aikace. Ta tura jami'anta asibitocin awon ciki da kujera guda da 'yar tsana, a nuna wa iyaye a cikin motocinsu yadda ake yi. Ni awa biyu na yi a rana ina fama da takardar bayani, abin da mai sani zai nuna mini cikin minti goma.

Yanzu yarinyar ta haura shekara biyu, mun sauya mata babbar kujera, har yau baya take kallo. Na zaci wannan ba za ta shiga ba sam, sai ga shi ta fi ta jarirai sauƙi, domin wuya ya yi ƙwari an miƙar da ita, kujerar gaba ta dawo baya da taki biyu. Tana zama ta harɗe ƙafa tana ƙirga tireloli ta gilashin baya. Sallar da ta wuce da za mu kai Hajiya gidan ƙanwarta, na buɗe mata gaba, ta ce in bar shi, ta zagaya ta shiga baya kusa da kishiyar tata, ta sa yatsu biyu a kafaɗarta ta gwada bel ɗin kafin in tayar da mota.