Zancen Zango: Me Ke Kai Mutum Ƙungiya?

A wannan wata za mu taɓa maganar ƙungiyoyin taimakon kai da kai, domin ba zangon da za ka shiga a ƙasar nan ta Gana, daga Nima da Sabon Zango a Ankara har Kumasi da Tamale, ba ka tarar da wata sabuwa an kafa ba. A yi taro, a yanka rago, a ɗinka anko, a naɗa shugaba da ma'aji da magajiya. Bayan shekara biyu ka tambaya, sai a ce maka ai ta watse. Amma ga adashin matan kasuwa can, ba rago ba anko, shekara da shekaru ana zubi ana kwasa. To, me ya sa wannan ke rayuwa waccan ke mutuwa?

A wurin taro kullum abin da ake karanta mana shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne, amma a ganinmu ba karin magana ke fitar da kuɗi daga aljihun mutum ba. Buƙata ce ke kai shi, kuma buƙatar tana da suna.

Mu ɗauki mai susu, wanda ke zagaya kasuwa kullum da ɗan katinsa. Mai sayar da waake ta ba shi sidi 10 kowace rana, ƙarshen wata ya dawo mata da kuɗinta, ya cire zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Wato ita ce ma ke biya don a ajiye mata. Wanda bai san zaman zango ba sai ya ce wauta ce. Mu kuwa mun san dalili. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba ya kwana. Yau suna, gobe biki, jibi ɗan'uwa ya sauka daga arewa ba kuɗin mota, kuma ba ka da fuskar da za ka ce babu alhali akwai. In kuwa kuɗin na hannun mai susu ko uwar adashi, ka ce "sai kwasa ta zo" ba ka yi ƙarya ba, zumunci kuma bai ɓaci ba. Mutane da yawa na shiga ƙungiya ne don su tsare dukiyarsu daga hannun kansu da kuma kunyar 'yan'uwa, ko da yake ba mai faɗin haka a gaban taro.

Sai maganar jari. Banki na neman jingina da takardun gida, mu kuwa yawancinmu haya muke, ga kuma ruwan da ake ɗorawa, wanda da yawa daga cikinmu ba sa so su kusanta saboda addini. Adashi na ba mutum kuɗi a dunƙule ba tare da ruwa ba, jinginarsa kuwa mutuncinsa ne a unguwa. Sai dai a faɗi gaskiya, yana da nasa ciwon. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. A shekara irin wannan, wadda ta yi kwasar farko ta sayi buhun shinkafa, wadda ta yi ta ƙarshe da kuɗi iri ɗaya ba za ta sami buhun ba. Duk da haka ba a daina zubi ba, saboda wanda bai shiga ba ma ko rabin buhun bai tara ba.

Amma babban abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne amana, kuma a nan maƙwabtanmu manoman koko suna da abin nuna mana. A 1993, bayan gwamnati ta buɗe wa kamfanoni sayen koko a cikin gida, manoma suka kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo, mai hedkwata a Kumasi. Tsohon kukan manomin koko shi ne sikeli: ya kawo buhu cike, akawun mai saye ya auna ya ce bai cika ba. A ƙungiyar, manoman ƙauye su ke zaɓen wanda zai auna musu daga cikinsu, kuma in ya saɓa su sauke shi. Daga baya, a 1998, ƙungiyar ta shiga cikin kafa kamfanin cakulan a Ingila, wanda aka sani da Divine, abin da ya ba ta suna a duniya. Amma manomin da ke ƙauye, abin da ya fara jawo shi shi ne ya tsaya a gaban sikeli ya ga nauyin buhunsa da idonsa.

Haka asusun ajiya da rance na 'yan ƙungiya da wani fada mai suna John McNulty ya fara a Jirapa a 1955, wanda ake lissafa shi na farko a Afirka. Masu zubi su ne masu asusun, su ke zaɓen masu riƙe shi, su ake karanta wa lissafi. Ku gwada wannan da kamfanonin da suka riƙa yi wa mutane alkawarin riba mai yawa cikin 'yan watanni. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya. Mai ajiya a irin waɗannan wurare baƙo ne, ba ya zaɓen kowa, ba a karanta masa komai, sai dai ya zo wata safiya ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Akwai kuma masu shiga don ranar da za a yi da hukuma. Da aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, kowa ya ga amfanin a ce kana da shugabannin da za su yi magana da yawunka. Haka mahauta, haka direbobi a tasha.

To, mu dawo kan namu na zango da ke watsewa. Galibi ana kafa su ne da kiran haɗin kai kawai, ba a ce ga abin da mai zubi zai samu ba, ga kuma ranar da zai same shi. Sannan ga al'adarmu ta kunya: in ma'aji dattijo ne ko Alhaji, yaro ba ya iya miƙewa ya ce "Baba, a karanta mana littafi." In ya faɗa, a ce ba shi da ladabi. Sai ya yi shiru, wata mai zuwa ya ƙi zubi, na kusa da shi ma ya bi sahu. Matan adashi ba su da wannan matsala, don kowace ta san nawa aka tara, ta san ranar kwasarta, in aka yi jinkirin kwana ɗaya kuwa duk layin kasuwa sai ya ji.

Shawararmu ga masu shirin kafa sabuwa bayan Salla: kuɗin rago da anko a sayi babban littafi da su, a sa doka tun ranar farko cewa kowane wata ma'aji zai karanta shiga da fita a gaban kowa ko ba a tambaye shi ba, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace.